Zaren da Hanatu Ba Ta Sata Ba

Akwai wata mata a garin Gadarif, can gabashin Sudan, sunanta Hanatu. Jikar mahajjata ce, irin waɗanda kakanninsu suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Abin da zan ba ku ya faru ne a zamanin mulkin soja na Inƙaz, lokacin da kowace unguwa take da lajna, wato kwamitin unguwa, wanda in ya ce kai mutumin banza ne to ka zama, ko da kullum a sahun farko kake salla.

Hanatu ta haura shekara hamsin, kuma aiki biyu aka san ta da su.

Na farko saƙa. Ita ce shugaba a cikin mata goma sha biyu da ke aiki a masaƙar Alhaji Osman, a bayan kasuwar riɗi. Rigunan sanyi na mata suke saƙawa a kan keken saƙa, masu maɓallai a gaba, da zaren auduga mai kauri. Kada ku yi dariya, na san zafin Gadarif kamar bakin murhu yake. Ba don 'yan gari ake yin su ba. Ɗaure su ake yi dila-dila, lori ya bi da su ta Gallabat ya hau duwatsun Habasha, inda wani ɗan kasuwa na Gondar yake saye yana sayar wa matan da sanyi ke kaɗawa.

Na biyu kuwa don Allah take yi. Ita ke wankan gawar mata a unguwarsu. Kun san ba kowa ake ba wannan aiki ba, sai wadda aka yarda da hannunta da bakinta, wadda za ta ga abin da ta gani ta haɗiye. Shekara ashirin ba a taɓa jin ta fitar da sirrin mamaciya ba.

Tana da wata aminiya mai suna Maiturare, mai haɗa humra da turaren wuta, tun suna 'yan mata suke tare. Maiturare ta sha kama hannunta tana cewa, "Hanatu, in na riga ki, ke za ki wanke ni. Kada ki bari wani hannu ya taɓa ni." Hanatu ta ɗauki alƙawari. Bayan nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Maiturare, ya ɗauke mata magana. Kullum in Hanatu ta tashi daga aiki sai ta biya ta juya ta, ta ba ta kunu a cokali, ta yi mata hira ita kaɗai.

Yanzu ku ji yadda Hanatu take aikinta, don a nan maganar take.

Zaren auduga yana da wani hali. In saƙa ta sauko daga keke a miƙe take, saboda ƙarafan nauyi da ake rataya mata, amma ranar da ta fara shan ruwa sai ta tsuke. Don haka kowane falle, na gaba ne, na baya ne ko na hannu, Hanatu takan sa a ƙara masa tsawon yatsu huɗu a kan awon da Bahabashen ya aiko. Sai a tsoma shi a ruwa, a matse a hankali, a shimfiɗa a kan gadajen igiya a inuwa ya kwana biyu. In ya bushe ya dawo daidai awo cif, sannan a haɗa riga a ɗinka maɓallai.

Ba a littafi ta karanta ba. Ita da Alhaji Osman tare suka koya, shekarar farko da rigar gwaji ta tsuke musu a baho har suka yi ta dariya.

Ana nan sai gwiwa ta fara ba Alhaji Osman wahala. Ya kira ɗansa Munir daga Khartum ya miƙa masa masaƙar. Munir ya dawo da takardar jami'a, da gyararren gemu, da jaka mai makulli. Yaron da Hanatu ta goya a bayanta fa! Amma ya dawo ya ce shi ba ya jin Hausa sai Larabci, ma'aikatan ubansa kuma "Fallata" yake ce musu, sunan raini da ake kiran jikokin mahajjata da shi, yana yatsina fuska, sai ka ce kakansa daga sama ya faɗo ba ta hanyar da kakanninsu suka biyo ba.

Mako guda ya yi yana zagaya masaƙa da tef a wuya. Ya ga fallaye kwance a kan gadaje, ya ce lalaci ne. Ya ga zare yana ƙarewa kafin a fitar da yawan rigunan da takardarsa ta ce, ya ce akwai magana. Bai tambayi kowa ba, ai mai digiri ba ya tambayar tsohuwa.

Ranar wata Laraba ya gayyato mutanen lajna su ga gyaran da ya kawo, don yana so su sa masa hannu a wata takardar fitar da kaya. Cikinsu har da Taha, babban ɗan Maiturare, wanda a lokacin ba abin da yake so kamar a gan shi a gaba-gaba. Alhaji Osman ma yana nan zaune a kujera da carbinsa. Aka kawo shayi.

Sai Munir ya zaro wani falle da ya sauko daga keken Hanatu, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora tef.

"Ke, zo nan," ya ce da Larabci. Ko Inna babu, ko Hajiya. "Awon nawa ne a takarda? Wannan kuma nawa ne?"

"Yatsu huɗu na ƙara, ɗana," in ji Hanatu. "Auduga ce. In ta sha ruwa tsukewa take yi, sai ta dawo daidai."

"Yatsu! Kun ji ko, jama'a? Muna fitar da kaya ƙasar waje, ita tana mana awo da yatsu."

Mutanen lajna suka kwashe da dariya.

"Ni ba yaro ba ne," Munir ya ci gaba. "Dabara ce wannan. Ana ƙara tsawo ne don in zare ya ɓace a ce riga ce ta cinye. Kawo jakarki."

Hanatu ta ɗauka wasa yake yi. Kafin ta ankara ya fizge jakar daga jikin keke ya zazzage ta a tebur, gaban maza. Ga carbi, ga ɓarin goro, ga mabuɗin gida, ga kuma wani dunƙulen guntayen zare kala-kala.

Guntayen nan, jama'a, ƙarshen zare ne da ake yankewa a share, wanda bai isa ko bakin hannun riga ba. Shekara tara Hanatu tana tsince su tana ƙuƙƙullawa, tana saƙa wa jariran unguwa hula. Alhaji Osman da bakinsa ya ce ta riƙa ɗauka.

Munir ya ɗaga dunƙulen sama don kowa ya gani. "Ga shi nan. Ɓarauniya."

Hanatu ba ta ko kalle shi ba. Ta juya wurin ubansa.

"Alhaji, kai ka san yatsu huɗun nan, tare muka koya. Kai ka ce in riƙa ɗaukar guntaye. Faɗa musu."

Wallahi ta ga bakinsa ya motsa. Ya kalli ɗansa, ya kalli baƙi, nan take ta gane abin da yake aunawa a ransa. Ya cika kasuwa da labarin ɗansa mai ilimi, in ya yi magana yanzu yaron zai ji kunya gaban manya tun bai yi mako biyu ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi.

"Masaƙa ta Munir ce yanzu," shi ne kawai abin da ya ce.

Tir! Dattijo, carbi a hannu, gaskiya a baki, ya kora ta da shayi.

Matan nan goma sha ɗaya kuwa duk sun san gaskiya, don da hannunsu suke tsoma fallayen a ruwa. Kowace ta duƙar da kai a kan kekenta. Jummare ce kaɗai, maƙwabciyar Hanatu, ta miƙe ta ce, "Ya Ustaz, ai wannan abin…" Munir ya katse ta, ya ce duk wadda ta ƙara kalma ɗaya ta bi bayan tsohuwar. Jummare marayu huɗu take ciyarwa, sai ta zauna tana share hawaye.

Munir har da cewa ya yi wa Hanatu alfarma da bai kira 'yan sanda ba. Hanatu ta tsince carbinta da goronta da mabuɗinta, ta bar musu guntayen a tebur, ta gyara mayafinta ta fita.

Labari ya riga ta isa gida. Kafin la'asar guntaye sun zama ƙulli goma, washegari sun zama buhu a ƙarƙashin gado. Matan da jariransu ke sanye da hular da ta saƙa su ne suka fi kowa baki.

Ita ba rashin aikin ne ya dame ta ba, tana da 'yar gonar dawa da za ta rufa mata asiri. Abin da ya dame ta ya same ta ne a ƙofar gidan Maiturare, da ta je da kwanon kunu kamar kullum ta tarar da Taha tsaye ya tare hanya.

"Inna Hanatu, ki yi haƙuri, ki daina shigowa. Ɗakin Yumma akwai kaya," ya ce, don haka yake kiran uwarsa.

"Taha? Ni kake gaya wa akwai kaya? Ni na yi maka wankan farko ranar da aka haife ka."

"Na sani."

"Ka kuma san alƙawarin da ke tsakanina da uwarka."

"Shi ma na sani. Amma da idona na gani, kuma ni ɗan lajna ne, ana kallona. Hannun da aka kama da zaren mutane ba zai taɓa uwata ba, tana raye ko ta rasu. Sai dai in Alhaji Osman da kansa ya fito gaban jama'a ya ce ba haka ba ne."

Ta miƙa masa kunun ta ce a ba uwarsa da ɗumi, ya karɓa kamar mai karɓar abin ƙazanta. Daga cikin ɗaki ta jiyo Maiturare tana wani gurnani, irin wanda take yi in ta ji muryarta. Hanatu ta juya, kuka ya ƙwace mata a tsakiyar titi.

Bayan mako uku aka yi rasuwa a layinsu, wata tsohuwa da Hanatu ta sani tun tana amarya. Ta haɗa sabulu da ganyen magarya ta zauna tana jira a aiko. Ba a aiko ba. Daga wata unguwa aka ɗauko mai wanka a mota, aka wuce da ita ta ƙofar gidan Hanatu.

Sau uku tana zuwa gidan Alhaji Osman. Na farko aka ce yana barci. Na biyu aka ce ya tafi Hawata duba gona. Na uku aka ce yana Ƙala'at an-Nahal wajen yankan riɗi, alhali ga takalmansa nan a bakin ƙofa tana kallo.

A masaƙa kuwa Munir ya kawo sabon tsari. Ya sa aka kwashe gadajen igiya, aka kife bahon ruwa. A saƙa daidai da tef, a haɗa, a goge da dutsen guga, a ɗaure. Riguna suka yi ta fita da sauri, sumul gwanin kyau. Ya cika lori har sama, ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi hoto.

Wata huɗu da rabi Hanatu tana zaune a gida da sunan ɓarauniya. Kullum sai ta tambayi Jummare jikin Maiturare, kullum amsar tana ƙara muni. Wai Maiturare ta daina cin tuwo, ta daina shan kunu sai ruwa.

Ranar wata Asabar sai ga Jummare ta faɗo gidan a guje, ko sallama ba ta gama ba.

"Yaya Hanatu! Lori ya dawo!"

"Wane lori?"

"Na Habasha! Da kayansa, dila-dila, Bahabashen ya maido su!"

Ta zaro wata riga daga ƙarƙashin mayafinta ta zura. Hannun rigar ya tsaya mata a ƙasan gwiwar hannu, gindin ya ɗage sama da cibiya, layin maɓallai ya murɗe ya tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Ashe damina ce a Gondar. Duk matar da ta saya ruwa ya taɓa ta, ko ta wanke sau ɗaya, sai ta dawo shago da riga a hannu tana masifa. Bahabashen ya tsoma sauran a ruwa ya ga duk haka suke. Ya aiko da saƙo cewa shekara tara bai taɓa ganin wannan abin kunya ba, kuma in ba hannun da yake yi da can ne zai dawo ba, kada a sake aiko masa ko zare ɗaya.

"Ki ga Ustaz mai tef," in ji Jummare. "Yana zagaya tulin kaya yana aunawa yana sake aunawa, wai ko tef ɗin ne ya miƙe!"

Hanatu ta yi dariya, karo na farko cikin watanni. Amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Jummare, yaya Maiturare ta kwana?"

Jummare ta cire rigar a hankali. "Jiya sun kira malam ya yi mata karatu."

Ran Litinin bayan la'asar Alhaji Osman ya tuna hanyar gidanta. Ya zo shi kaɗai yana dogara sanda, direbansa ya sauke buhun sukari da kwalin shayi a zaure. Aka shimfiɗa masa tabarma, Hanatu ta zauna daga bakin ƙofa.

"Hajiya Hanatu, abin da ya wuce ya wuce. Yaro ne, ƙuruciya ce. Ki dawo gobe, kekenki na nan, gadaje ma na sa an maido."

"Alhaji, ni ba keke na rasa ba."

"To me kike so? Faɗi."

"Sunana. A gaban mutane aka ce min ɓarauniya, kana zaune. A gaban mutane nake so ka ce ƙarya ne. Taha ya rantse ba zan taɓa uwarsa ba sai ya ji daga bakinka, ita kuma tana kan gargara. Yau ɗin nan, Alhaji. Ga masallaci can, ana idar da magariba ka miƙe ka yi magana, numfashi biyu ya ishe ka."

Ya shafa gemu, ya gyara zama, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Sai dai Munir zai koma Khartum ran Alhamis, a bari ya tafi tukuna, kada a tozarta shi yana gari. Ran Juma'a bayan salla, lokacin da jama'a suka fi cika, zai yi magana in sha Allahu.

"In ba ta kai Juma'a ba fa?"

"Haba Hajiya, rai a hannun Allah yake."

"Rai a hannun Allah yake, amma bakinka a hannunka yake, Alhaji."

Ya miƙe yana cewa Juma'a kamar gobe ce. Ta ce ya sa a kwashe sukarin, ba ta shan shayi da shi. Ku duba fa, jama'a. An kama ƙarya dumu-dumu, kayan suna jibge a tsakar masaƙa kowa na gani, amma har yanzu fuskar ɗansa yake tattali.

Ran Alhamis da hantsi Hanatu tana tankaɗe sai ta ji lasifikar masallaci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah Ya yi wa mahaifiyar Taha rasuwa, za a yi jana'iza kafin azahar saboda zafi.

Rariyar ta faɗi daga hannunta. Ta ja mayafi ta fita ba takalmi.

Taha yana ƙofar gida cikin maza ana yi masa gaisuwa. Ta ratsa har gabansa.

"Taha, don girman Allah. Kowa ya ji lori ya dawo. Alhaji ya ce gobe zai yi magana."

"To goben ke nan. Ni ban ji daga bakinsa ba. Mai wanka tana ciki."

"To ko ba ni zan wanke ta ba, tsaya in gaya maka abu ɗaya…"

"Inna Hanatu, kada ki tara mana mutane." Ya shige ya turo ƙofa.

Abin da take so ta gaya masa shi ne, Maiturare tana da likafaninta. Shekarar da ta yi aikin Hajji ta sayo farin yadi ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta naɗe shi da garin sandal ta ɓoye a can ƙasan akwatinta. Ba ta gaya wa 'ya'yanta ba don kada hankalinsu ya tashi. Hanatu kaɗai ta nuna wa, tun da ita za ta wanke ta.

Hanatu ta roƙi Jummare ta shiga ta faɗa wa matan gidan. Jummare ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito idonta jajir.

"Me suka ce?"

"Matar Taha ta ce, 'Au, har ƙasan akwatin ma ta leƙa?' Ta ce an riga an sayo yadi a kasuwa, kada in sake kawo musu maganar ɓarauniya a kan gawa."

Hanatu ta koma gindin wata bishiyar dalbejiya a tsallaken titi ta tsaya. Tana nan tsaye a ƙasa mai zafi har aka fito da makara aka wuce ta gabanta. Ta ce, "Maiturare, ki yafe min," ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da mutane suka waiwayo.

Da yamma motar Khartum ta tashi da Munir, ba wanda ya ce masa uffan.

Ran Juma'a Alhaji Osman ya cika alƙawarinsa, in wannan sunansa cika alƙawari. Bayan salla ya miƙe a rumfar zaman makoki, gaban liman da mutanen lajna, ya faɗi komai. Sannan shi da Taha da wasu dattawa suka taho gidan Hanatu, mata da yara suka biyo su har ƙofa ta cika. A nan ya maimaita. Ya ce Hanatu ba ta taɓa satar ko sili ɗaya ba, ƙarin yatsu huɗu shi ne daidai, guntaye shi ya ba ta, kuma ranar da aka ci mutuncinta ya sani ya yi shiru.

Sai ka ji baki ya buɗe ta ko'ina. "Ai dama mun sani!" "Wallahi ni ban taɓa yarda ba!" "Hanatu da sata? Haba!"

Hanatu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Kun sani? Duk kun sani? To wata biyar ina kuka shiga?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Ta juya wurin Alhaji. "Ka gama?"

"Na gama, Hajiya."

"Ko kofin shayi bai isa ya huce ba ka gama. Ita ce maganar da ka riƙe wata biyar. Kekenka kuma ka nemi mai hawa, ni na sauka."

Sannan ta dubi Taha, wanda ya kasa ɗaga kai. "Mabuɗin akwatin uwarka yana wurinka? Taho mu je."

Aka bi ta a baya har gidan makoki. Ta shiga ɗakin da aka hana ta shiga, gadon yana nan an naɗe katifa. Ta ce Taha ya buɗe akwatin da hannunsa, kada a ce wani abu ya ɓace. Ya buɗe. Ta ce ya ɗaga zannuwa, ya ɗaga kwalaben humra, ya kai hannu can ƙasa. Ya zaro wani ƙunshi a cikin leda. Yana kwancewa ƙanshin sandal ya cika ɗakin, ga farin yadi a naɗe tsaf.

"Daga Makka ta taho da shi, ta tsoma shi a Zamzam da hannunta," in ji Hanatu. "Shekara goma sha ɗaya tana ajiyarsa don jiya. Shi na tsaya a ƙofa zan gaya maka."

Taha ya durƙushe a tsakiyar ɗakin, ya rungume yadin yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana kiran Yumma, Yumma. Matarsa ta sulale ta bar wurin.

Hanatu ta fito. Alhaji Osman yana tsaye a tsakar gida ya dogara da sandarsa, duk ya ji abin da aka yi. Hawaye na bin gemunsa.

"Hajiya Hanatu, don Allah ki yafe min."

Ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Nawa na yafe, Alhaji. Na Maiturare kuma sai ka je ka tambaye ta."

Darasi: Mai girman kai yakan yi ƙazafi ne don bai sani ba kuma ya ƙi tambaya, amma wanda ya san gaskiya ya yi shiru don kare fuskar nasa ya fi shi laifi. In an zalunci wani a gabanka kuma ka san gaskiya, faɗe ta a wurin, a ranar, kada ka ce sai Juma'a, domin akwai haƙƙin da in lokacinsa ya wuce ba ka da wanda za ka mayar wa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa yau.